AMSOSHIN TAKARDUNKU: Jirgin Da Ya Faɗi A Tenere Da Cinikin Da Ƙasashe Suka Yi A Kansa

 Kamar yadda muka saba, amsar da muka bayar a rediyo ita ce muka kawo muku a rubuce, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi saurare ya samu ya karanta, ko kuma a karanta masa.

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji, falke, wanda ke fatauci tsakanin Damagaram da Agadas. Bayan gaisuwa ya ce, a can Agadas ya sha jin direbobin hamada suna zancen wani jirgin sama da aka sa wa bam ya faɗi a Tenere. Yana so a ba shi labarin wannan jirgi. Sannan yana tambaya, wai shin mene ne ta'addanci, kuma me ya sa sai ka ji yau an ce ƙasa kaza 'yar ta'adda ce an sa mata takunkumi, gobe kuma ka ji waɗanda suka sa mata takunkumin suna cin tuwo da ita? Wani manomi daga ƙasar Gumel shi ma ya aiko da tambaya mai kama da wannan, don haka sai mu haɗa mu amsa muku gaba ɗaya.

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya, sai ka gyara zama don amsar tana da ɗan tsawo.

Abin da galibin masana ke kira ta'addanci shi ne a kashe ko a jikkata mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, da gangan, domin a tsorata jama'a ko a tilasta wa wata gwamnati ta yi wani abu ko ta bar wani abu. Ɗan fashi dukiyarka yake so, in ya samu ya tafi. Shi kuwa ɗan ta'adda saƙo yake aikawa ga wani na can nesa, kuma da jinin wanda ya kashe yake rubuta saƙon. Sai dai fa har yanzu ƙasashen duniya ba su taru a kan ma'ana guda ba. Tun shekarar 2000 ake ta ja-in-ja a Majalisar Ɗinkin Duniya kan wata babbar yarjejeniya da za ta fayyace kalmar, abin ya ci tura. Inda gizo ke saƙa shi ne, shin mai yaƙin ƙwatar 'yancin ƙasarsa yana ciki? Shin sojan gwamnati in ya kashe farar hula yana ciki? Kowace ƙasa tana so a yanka rigar yadda za ta shiga wuyan abokin gabarta, ita kuwa ta tsira. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ka duba, Nelson Mandela kansa sunansa bai fita daga jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido kan ta'addanci ba sai a 2008, bayan ya gama shugabancin Afirka ta Kudu da shekara 9.

Yanzu sai mu koma kan jirgin. Amma ba za a gane labarinsa ba sai an haɗa shi da na wani jirgin da ya riga shi faɗuwa a ƙasar Turai, domin tare aka yi shari'arsu a gaban duniya.

Ranar 21 ga watan Disamba na 1988, wani jirgin kamfanin Pan Am na Amurka ya tashi daga Landan za shi birnin New York. Yana bisa wani ɗan ƙaramin gari mai suna Lokabi a yankin Sikotilan na ƙasar Birtaniya sai ya tarwatse. Mutum 259 da ke ciki duk suka rasu, tarkacen jirgin kuma ya faɗa wa gidaje ya kashe mutum 11 a ƙasa. Jimla 270 ke nan, 190 daga cikinsu Amurkawa ne. Masu bincike suka bi gonaki da dazuzzuka suna tsintar ɓaraguzai kamar masu kalar hatsi, har suka gano cewa an ɓoye bam ɗin ne a cikin akwatin rediyo mai kaset, aka sa rediyon cikin jakar kaya tare da wasu tufafi da aka sayo a tsibirin Malta.

Bayan wata 9, ranar 19 ga watan Satumba na 1989, jirgin kamfanin UTA na Faransa ya taso daga Birazabil ta ƙasar Kwango, ya ya da zango a Njamena ya ɗauki fasinja, ya tashi za shi Paris. Bai cika awa guda a sama ba sai bam ya fashe a ɗakin kaya, jirgin ya wargaje bisa hamadar Tenere, gabas da Agadas. Wannan shi ne jirgin da kake tambaya, Alhaji. Mutum 170 ne a ciki, ba wanda ya tsira. Sun fito daga ƙasashe 18: Faransawa 54, 'yan Kwango 48, 'yan Chadi 25, akwai 'yan Kamaru, da Italiyawa, da Amurkawa, cikinsu har da matar jakadan Amurka a Chadi. Bincike ya nuna tun daga Birazabil aka shigar da jakar da ke ɗauke da bam ɗin.

Duka biyun aka nuna wa Libiya yatsa, lokacin Kanar Mu'ammar Gaddafi ke mulki. Me ya kawo haka? Akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya. A watan Afrilu na 1986 bam ya tashi a wani gidan rawa a Balin ta Yamma inda sojojin Amurka ke taruwa, mutum 3 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. Amurka ta ce aikin Libiya ne, bayan kwana 10 ta aika jirage suka yi ruwan bama-bamai a Tarabulus da Bangazi, mutane da dama suka mutu har da farar hula. Tsakanin Libiya da Faransa kuwa, rigimar Chadi ce. Libiya ta mamaye zirin Auzu da ke arewacin Chadi, Faransa ta mara wa gwamnatin Hissene Habre baya, a 1987 sojojin Chadi suka yi wa na Libiya mummunan kaye. Ka ga ke nan ƙasar da ba ta iya karawa da babba a fagen fama, ana zargin ta zagaya ta bayan gida ta rama a kan fasinja. Shi ne abin da ake kira ta'addancin da gwamnati ke ɗaure wa gindi.

Ya kamata mu faɗa maka kuma cewa da farko masu binciken Lokabi Iran suka fi zargi, tare da wata ƙungiyar Falasɗinawa mai zama a Siriya. Dalili kuwa, a watan Yuli na 1988 wani jirgin ruwan yaƙi na Amurka ya harbo jirgin fasinjan Iran a tekun Fasha, mutum 290 suka mutu. Amurka ta ce kuskure ne, a 1996 ta yarda ta biya iyalansu dala miliyan 61 da dubu 800, amma kalmar ta'addanci ba ta hau kanta ba a Majalisar Ɗinkin Duniya. Wannan na cikin abubuwan da ke sa mutane da yawa cewa mudun da ake awo da shi ba ɗaya ba ne.

A watan Nuwamba na 1991 Amurka da Birtaniya suka tuhumi wasu 'yan Libiya 2, Abdelbaset al-Megrahi da Lamin Khalifa Fhimah, suka ce a miƙo su. Libiya ta ce dokarta ba ta yarda a miƙa ɗan ƙasa ga wata ƙasa ba, in akwai shaida a kawo ta yi musu shari'a a gida. Nan fa aka ja daga. Sai maganar ta je gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kujeru 15, inda Amurka da Birtaniya da Faransa duk ke da kujerar dindindin. Ranar 31 ga watan Maris na 1992 kwamitin ya zartar da ƙuduri mai lamba 748. Ƙasashe 10 suka goyi baya, 5 suka ƙaurace, cikinsu har da ƙasashen Afirka 3 da ke kwamitin a lokacin, wato Maroko da Zimbabuwe da Kef Bade.

Shi takunkumi, Alhaji, kamar a ce sarkin kasuwa ya yi shela kada kowa ya saya kada kowa ya sayar wa wane, har sai ya fito da ɓarawon da ya ɓoye a rumfarsa. An hana kowane jirgin sama shiga Libiya ko fita daga cikinta, an hana sayar mata da makamai da kayan gyaran jirage, aka kuma ce a rage ma'aikatan ofisoshin jakadancinta. A 1993 aka ƙara da riƙe wasu kuɗaɗenta da ke bankunan waje, da hana ta wasu kayan aikin man fetur. Amma ka lura da wani abu: ba a hana sayen man fetur ɗin Libiya ba, domin ƙasashen Turai irin su Italiya da Jamus suna bukatarsa. Wato an toshe ƙofar da talaka ke bi, an bar wadda manya ke ci ta cikinta.

Wa ya ji a jikinsa? Majinyacin da ake so a fitar da shi waje neman magani, sai an ɗauke shi a mota an yi tafiya mai nisa zuwa tsibirin Jarba na Tunisiya, ko a sa shi a jirgin ruwa zuwa Malta, kafin ya ga jirgin sama. Maniyyata aikin hajji su ma sai da aka nemi izni na musamman kafin a kwashe su. Kaya suka yi tsada, kuɗin ƙasar ya karye a kasuwar bayan fage, abin ya shafi har 'yan ci-rani na Nijar da Chadi da Nijeriya da ke aiki a can suna aiko wa gida. Shi kuwa Kanar Gaddafi yana nan daram a kan kujerarsa.

Manyanmu na Kano da Yamai za su tuna watan Mayu na 1997, lokacin da Gaddafi ya keta dokar, ya hau jirgin sama da ayarinsa ya sauka a Yamai zamanin Janar Ibrahim Ba'are Mainasara, daga nan ya wuce Kano zamanin Janar Sani Abacha, ya ja jama'a salla. A watan Oktoba na shekarar Mandela ya ziyarci Tarabulus, amma shi ta mota ya shiga daga Tunisiya don kada ya karya doka. Matsayin Mandela shi ne, bai kamata ƙasa ɗaya ta zama ita ce mai ƙara, ita ce mai gabatar da ƙara, ita ce kuma alƙali ba. A watan Yuni na 1998 shugabannin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka suka taru a Wagadugu, suka ce in ba a yarda a yi shari'ar a wata ƙasa 'yar ba-ruwanmu ba, su kam za su daina bin takunkumin. Da Amurka da Birtaniya suka ga shingen ya fara ɓulewa, cikin watan Agusta suka amince.

Da sa hannun Mandela, da Saudiyya, da Kofi Annan sakatare janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, ranar 5 ga watan Afrilu na 1999 Libiya ta miƙa mutanen 2, aka dakatar da takunkumin. Aka yi wata dabara da ba a saba gani ba. An ware wani tsohon sansanin soja a ƙasar Holan, aka ɗauke shi tamkar ƙasar Sikotilan na ɗan lokaci, alƙalan Sikotilan 3 suka zauna suka yi shari'a da dokar ƙasarsu. Ranar 31 ga watan Janairu na 2001 suka sami al-Megrahi da laifi suka yi masa ɗaurin rai da rai, Fhimah kuwa aka sallame shi. Al-Megrahi bai taɓa amsa laifin ba. A 2007 wata hukumar duba shari'u ta Sikotilan ta ce mai yiwuwa ne an yi kuskure a hukuncin, kuma har cikin iyalan mamatan akwai waɗanda ba su gamsu ba. An sake shi a 2009 saboda ciwon daji, ya rasu a Tarabulus a 2012. Ƙarar da iyalansa suka ɗaukaka kotu ta kore ta a 2021. A watan Disamba na 2022 kuma Amurka ta kama wani ɗan Libiya, Abu Agila Mas'ud, wanda take zargi da haɗa bam ɗin.

Ta ɓangaren jirgin Tenere kuwa, a watan Maris na 1999 wata kotu a Paris ta yanke wa 'yan Libiya 6 ɗaurin rai da rai ba tare da sun halarta ba. Cikinsu akwai Abdullahi Sanusi, babban jami'in leƙen asiri kuma mijin 'yar'uwar matar Gaddafi. Libiya ba ta miƙa ko ɗaya ba.

To Alhaji, ga inda cinikin yake, kai da ka san kan ciniki. A watan Agusta na 2003 Libiya ta rubuta wa Kwamitin Sulhu cewa ta ɗauki alhakin abin da jami'anta suka aikata, ta kuma yarda ta biya diyyar mutanen Lokabi dala biliyan 2 da miliyan 700, wato dala miliyan 10 kan kowane mamaci. Amma ba a dunƙule ba. Miliyan 4 in Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗage takunkuminta, miliyan 4 in Amurka ta ɗage nata, sauran miliyan 2 kuma in Amurka ta goge sunan Libiya daga jerin ƙasashen da ta ce suna taimakon 'yan ta'adda. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan. Firayim ministan Libiya na lokacin, Shukri Ghanem, ya fito fili a 2004 ya ce zaman lafiya suka saya da kuɗin.

Da Faransa ta ji wannan adadi sai ta tubure, domin abin da Libiya ta biya kan jirgin Tenere a 1999 bai kai dala miliyan 40 ba gaba ɗaya. Ta yi barazanar hawa kujerar na-ƙi don hana ɗage takunkumin. Sai da aka yi mata alkawarin ƙari sannan ta kauce, aka ɗage takunkumin ranar 12 ga watan Satumba na 2003. A watan Janairu na 2004 aka daidaita a kan dala miliyan 170, miliyan 1 kan kowane mamaci. Ka ji fa. Bam iri ɗaya, mutuwa iri ɗaya, ƙasar da ake tuhuma ɗaya, amma diyyar wanda ya faɗi a Tenere kashi 1 ce cikin 10 na wanda ya faɗi a Lokabi. Ita ma miliyan ɗayar, iyalan 'yan Kwango da Chadi sun same ta ne saboda 'yan'uwansu sun mutu a jirgin Faransa, kuma ƙungiyar iyalan mamatan ta dage cewa kowa a ba shi daidai, ba bambancin ƙasa.

Daga nan sai ƙofofi suka buɗe. A watan Disamba na 2003 Libiya ta sanar da watsi da shirinta na makaman ƙare dangi. A watan Maris na 2004 firayim ministan Birtaniya Tony Blair ya je har tantin Gaddafi suka gaisa. A 2006 Amurka ta goge sunan Libiya daga jerin nan, a 2007 kamfanin mai na BP ya sa hannu kan yarjejeniyar haƙo mai da iskar gas a can. Ba a yi shekara 5 da wannan ba, a 2011, jiragen ƙungiyar tsaro ta NATO suka taimaka wa 'yan tawaye aka kifar da Gaddafi, aka kashe shi a watan Oktoba. Rumbunan makamansa suka zama ganima, wasu suka bi ta hamada suka shiga Mali a 2012, daga nan wutar ta yi ta ci a yankin Sahel. Manomin da ya bar gonarsa saboda tsoro, da falken da hanya ta gagare shi, ba sai an ba su wannan labari ba.

Kada ka ɗauka Libiya kaɗai aka yi wa haka. Shi wannan jeri na Amurka tun 1979 aka buɗe shi. Iraƙi na cikin na farko, a 1982 aka cire ta lokacin da take yaƙi da Iran, a 1990 da ta mamaye Kuwaiti aka mayar da ita. Sudan ta shiga a 1993, ba ta fita ba sai a watan Disamba na 2020, bayan ta yarda ta biya dala miliyan 335, galibi saboda harin da aka kai ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam a 1998, ta kuma yarda ta ƙulla hulɗa da Isra'ila. A wancan harin mutum 224 suka mutu, 12 ne kawai Amurkawa, sauran kusan duk 'yan Kenya da Tanzaniya ne masu neman abincinsu.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce, ta'addanci laifi ne na gaske, jinin da ake zubarwa ma na gaske ne, kuma ba wani dalili da zai halatta sa bam a jirgin fasinja ko a kasuwa. Amma da zarar maganar ta shiga hannun gwamnatoci, sai ta gauraya da zancen man fetur, da makamai, da wane ne abokina yau. Sunan ɗan ta'adda kan hau ƙasa saboda abin da ta aikata, amma sau da yawa ba ya sauka sai ta biya abin da masu ƙarfi ke so. Talaka kuwa sau biyu yake biya, ranar da bam ya tashi da kuma shekarun da takunkumi ya ɗauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In ka sake zuwa Agadas, Alhaji, ka tambayi direbobin nan labarin abin tunawa da ke can cikin rairayi. A 2007 iyalan mamatan suka je Tenere, tare da taimakon mutanen yankin suka kwaso baƙaƙen duwatsu a manyan motoci, suka jera su a da'ira mai faɗin kamar mita 60 da siffar jirgi a tsakiya. Suka kewaye ta da fasassun madubai 170, kowane mamaci guda, suka kafa fiffiken jirgin a tsaye da sunayen mutanen a jikinsa. Jirgin da ke wucewa ta sama yana iya hango wurin.

Da fatan Alhaji da malam manomi na ƙasar Gumel kun gamsu. Masu sauran tambayoyi ku ƙara haƙuri, takardunku na nan a hannunmu, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa a ci kasuwa lafiya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.